Ranar da Jibo Ya Yi Wa Kabul Faci

In kana neman mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki a duk faɗin Maradi, kada ka wahal da kanka. Ka nufi unguwar Zariya, gindin dogon yaron nan na kusa da masu wankin moto, ka tambayi Jibo mai faci. Sai dai kada ka kira shi haka a kunnensa, don rigima za ku yi. Shi a wurinsa Injiniya ne. Wai shekara shida ya yi a Arlit yana aikin kuran, wato lantarki, tare da Turawa, har wani Bature ya zubar da hawaye ranar da zai taho gida. Waɗanda suka san shi a can kuwa sun ce wata huɗu ya yi, kuma tayar manyan motoci yake kwancewa a bakin tasha. Kayan aikinsa duka-duka injin iska ne mai tari, da rabin duro na ruwan da ya yi baƙi ƙirin, da gwangwanin gam, da wani ludayin ƙarfe da yake narka dalmar tsofaffin batura a ciki yana nanin lagireto.

Matarsa Tsahara ƴar Jiratawa ce, ƴar farin Malam Zakari, shugaban ƙungiyar masu noman rani na wani yanki na fadamar. Shekara goma sha ɗaya da auren, tsohon nan bai taɓa kama sunan Jibo ba, bai taɓa kallon tsabar idonsa ba, saboda kunyar mijin ƴar fari. In magana ta kama dole, sai ya juya ga ɗansa Chaibu, ƙanin Tsahara, ya ce, "Gaya mishi." Chaibu kuwa, da yake ƙanin mata abokin wasa ne, in an ba shi saƙo tiya guda sai ya isar da tiya biyu.

Wata Talata da hantsi Jibo ya sauka Jiratawa, wai gaisuwa ya zo, alhali kowa ya san zogalen banza ya kawo shi. Ya tarar da manoma kusan arba'in sun yi cirko-cirko a bakin ɗakin famfo. Famfon da ke jawo musu ruwa daga ƙasa ya tsaya tun jiya, ga shi kwana takwas ke nan da suka dasa tattasai da tumatir, rana kuwa ta fara nuna hali. A tsakiyarsu wata matashiya ce durƙushe da akwatin awo, Fasuma, ma'aikaciyar kuran daga Tsibiri, wadda ƙungiyar ta kira.

"Baba, famfonku lahiya lau yake," in ji ta ga Malam Zakari. "Kabul ɗin da ya taho ta ƙarƙashin ƙasa daga taransifo shi ne ba ya da lahiya. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Waya ukku ne a ciki, an naɗe su da takarda mai mai, sannan aka sa musu rigar dalma don kada danshi ya shiga. To dalmar ce ta tsage, can inda amalanke ke tsallakawa. Shekara da shekaru ana taka ta, ga ruwan taki na cin ta. Danshi ya shiga, takarda ta jiƙa, kuran na faɗuwa. Gaba biyu kawai zan yanke in haɗa, amma kayan haɗin sai daga Yamai. Kwana ukku."

Mutane suka dubi basan, wato ƙaton kwarmin simintin da suke tara ruwa. Ya ɗan haura rabi. Aka yi ta shawara, aka ga in kowa ya ja da garwa, ya ba dashe ɗan abin jiƙa maƙoshi safe da yamma, ruwan zai kai kwana ukun da ƙyar. Har an fara hamdala sai aka ji wata dariya daga baya.

"Kwana ukku! Don huji guda?" Jibo ya ratso taro yana gyara hula. "Madam, a wace lakwal aka koya miki wanga aiki? Mu a Arlit irin wanga tsakanin shayi na fari da na biyu muke gama shi."

Fasuma ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka taɓa haɗa kabul?"

"Kina goye nake haɗa kuran."

"Wane iri?"

"Kowane iri. Kuran ai kuran ne."

"Tayar moto yake nufi, Madam," in ji Chaibu. "Baƙa ce, zagayayya, kin ga kuwa kusan ɗaya suke."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta ƙona wa Jibo rai, don ya daɗe yana jiran ranar da zai nuna wa mutanen Jiratawa ko shi wane ne. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan da surukinsa, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. "Baba, in an ba ni izini, gobe kahin la'asar ruwa na gudu cikin kowane fangali."

Wallahi tsohon nan a'a ce a bakinsa. Amma ta ina zai ce wa mijin ƴar farinsa a'a a gaban mutum arba'in? Ya dubi ƙasa, ya ja carbi, can ya ce, "To... Allah shi ba da sa'a." Duk mai hankali ya san wannan sallama ce, ma'anarta tashi ka ba mu wuri. Jibo ya ɗauke ta an damƙa masa aiki. Manoma suka yi shiru don suna zaton shugaba ya yarda da surukinsa, shugaba ya yi shiru yana jiran manoma su hana. Fasuma dai ta cire kan kabul ɗin daga jikin famfo, ta toshe shi, ta kashe kuran, ta ɗana wa akwatin makunni kwaɗo, ta jefa makulli a jaka.

"Abu guda nake roƙo," in ji ta tana tada motonta. "Kada kowa ya taɓa shi, kuma kada ruwa ya kusance shi."

Washegari da sassafe Tsahara ta tsare ƙofa tana kallon mijinta yana ɗaure injin iska a bayan a-daidaita. "Malam, don girman Allah ka bari. Dashen nan shi ne abincin gidanmu na shekara. Baba ya tsufa, ba shi da wani abin."

"Ke kuma mi kika sani? Yau za ki ji ana guɗa da sunan mijinki."

"Pankar ɗakina wata biyar tana hannunka a kwance."

"Panka daban, babban aiki daban."

Yana isa ya sa a tone kabul ɗin gaba ɗaya, tun daga gindin taransifo har ɗakin famfo, gaba sittin cur. Wani dattijo ya ce ai Madam wuri guda ta nuna. Jibo ya ce Injiniya ba ya aiki da ji-ta-ji-ta. Mutane suna tono a hankali da hauya, suna lallaɓawa, shi kuwa ya ga suna ɓata masa lokaci. Ya fizge diga daga hannun wani, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga sama ya sauke da ƙarfinsa duka. Ji kake ƙwas! Bakin diga ya lume cikin dalma, wani baƙin mai ya tsattsafo.

Jibo ya ɗan daskare, sannan ya washe baki. "Kun gani? Sara guda na gano hujin!"

"Wanga huji ai jinjiri ne," in ji Chaibu. "Gabanmu aka haihe shi, ko cibi ba a yanke ba."

Kafin azahar kabul ya fito fili, kwance cikin dogon rami, toka-toka, duk jikinsa ya yi ƙuraje da zane. Jibo ya bi shi da ido daga farko har ƙarshe, ya ga abin ya fi ƙarfin kallonsa. Amma shi a duniya hanya guda ya sani ta gano huji, wadda yake yi wa tub ɗin taya sau ashirin a yini: ka hura iska, ka tsoma cikin ruwa, inda ya yi kumfa nan ne ciwon. Tun da kabul ba zai shiga rabin duro ba, sai ruwa ya zo ya same shi. Ya ce a fasa bakin basan a juyo ruwan cikin ramin.

Nan fa wuri ya kaure. "Ruwan dashenmu?" "Kai, wane irin hauka ne wanga?" "Madam ta ce kada ruwa ya kusance shi!" Kowa na faɗa yana satar kallon Malam Zakari, don ba a zagin surukin mutum a gabansa sai in shi ya buɗe ƙofa. Tsoho na zaune a kan buzunsa gindin mangwaro, gumi na tsattsafo masa. Ya yafito Chaibu, ya ce a hankali, "Gaya mishi ruwan nan shi kaɗai ya rage muna."

Chaibu ya ɗaga murya. "Baba ya ce in kana jin wanka ne ka tahi Gulbi!"

"Gaya ma Baba ya kwantar da hankalinshi," in ji Jibo. "Da la'asar zan maido mishi ninki goma." Bai jira amsa ba ya zare toshiyar da hannunsa.

Ruwan kwana uku ya bi rami yana gudu, mutane na kallo kamar ana zubar da jininsu. Da ya rufe kabul, Jibo ya shiga ɗakin famfo, ya ɓalle toshiyar da Fasuma ta yi, ya cusa tiyon iska tsakanin dalma da takarda, ya ɗaure da roba, ya ja igiyar inji. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Jim kaɗan sai ga kumfa a mashigar amalanke, daidai inda Fasuma ta nuna. Sai ga wata a inda diga ya sara. Jibo ya ƙara wa inji wuta. Tsohuwar dalma da ta riga ta zama kamar ɓawon albasa ta fara kumbura tana fashewa, fus nan, fus can, har ramin ya koma kamar tukunyar da ke tafasa.

Jibo ya naɗe wando ya faɗa ciki yana ƙirga da ƙarfi. "Bakwai! Sha ɗaya! Sha tara! Jama'a ku shaida, Madam da akwatinta guda ta gani, ni da idona ashirin da bakwai!" Duk inda ya ga kumfa sai ya soka tsinken ashana, yadda yake yi wa tub don kada wurin ya ɓace masa. Da ashana ta ƙare ya koma ƙayar aduwa.

Abin takaici, wasu har sun fara gyaɗa kai. Wani ya ce, "Kai, mutumin nan fa kamar ya san abin da yake yi." Jibo ya ji, kansa ya ƙara girma, ya kashe inji don ya yi jawabi. Iska na tsayawa kabul ya fara zuƙar ruwa ta huji ashirin da bakwai, yana ƙyal-ƙyal-ƙyal, shi kuwa gogan yana can yana ba da labarin Baturen da ya yi kuka. Sauran ruwan yashi ya shanye, aka bar taɓo.

Sai aikin nani. Ya hura gawayi, ya farfasa tsofaffin batura biyu, ya narka dalma cikin ludayinsa har tana ƙyalli. Ya ce kowa ya matso ya ga yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ya durƙusa cikin taɓo, ya tuttula narkakkiyar dalma a kan jiƙaƙƙen kabul. Tas! Tas! Dalma ta yi tsalle ta watsu ko'ina. Wata ta sauka a gemunsa, wata a hula, wata kuwa ta sami hanya ta bayan wuyan riga ta gangara. Jibo ya yi wata ƙara da ba ta dace da magidanci ba, ya yar da ludayi, ya kwanta cikin taɓo yana birgima, duk a gaban surukinsa. Malam Zakari ya juya fuska wajen mangwaro.

"Haka Turawan ke yi?" in ji Chaibu. "Ko wanga salon na Arlit ne kaɗai?"

"Dalmar ce ba ta da kyau," in ji Jibo yana tofar da laka. "Baturan yanzu duk jabu ne."

Ya watsar da nani ya koma ga abin da ya gada. Ya yayyanka tsohon tub, ya goge kowane huji da ƴar zarto, ya shafa gam, ya hura da baki, ya manna, ya bubbuga da gindin ludayi. Sannan ya bi da igiyar roba ya ɗaɗɗaure tamau. Kafin la'asar kabul ya fito da faci ashirin da bakwai. Jibo ya tsaya a kansa riƙe da ƙugu, gemu rabi a ƙone, ya ce ko a masana'anta iyakar abin da za su yi ke nan. Ya mayar da wayoyi jikin famfo yadda ya ga dama, ya ɗauko guduma, ya ba kwaɗon Fasuma duka uku ya ɓalle.

Daidai nan motonta ya tsaya. Ta sauko da fara'arta tana cewa, "Baba, albishirinka! Kaya sun samu mota, gobe da sahe suna Maradi, kahin azahar kun samu ru..." Maganar ta maƙale. Ta dubi basan wayam, ta dubi taɓo, ta dubi facin tub da tsinken ashana guda da aka manta a tsaye.

"Inna lillahi! Wa ya jiƙa shi?"

"Gwaji ne, Madam," in ji Jibo daga bakin akwatin makunni. "Ki matso ki ƙaru."

"Malam, kada ka kunna! Ruwan da ake gudu shi ka ɗura mishi, ka kuma rufe shi a ciki! Ku riƙe shi! Kowa ya ja baya daga ramin nan!"

Mutane suka watse da gudu, amma ba wanda ya riƙe shi, don har yanzu ana jiran tsoho ya yi magana. Tsoho ya miƙe tsaye, ya ce, "Chaibu, gaya mishi..." Kafin saƙo ya bi hanyarsa ya isa, Jibo ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'ar Jiratawa, ku buɗe fangalinku!" Ya danna makunni.

Ƙarar da aka ji, mutanen da ke kan hanyar Maradi sun ɗauka tayar tirela ce ta fashe. Ramin nan ya yi aman wuta da laka a wuri huɗu lokaci guda. Facin tub suka tashi sama suna hayaƙi, ɗaya ya sauka a kan rawanin wani dattijo. Wani jakin amalanke ya tsinke igiya ya ratsa ta cikin albasar mutane. Can kan ginshiƙi taransifo ya yi wani gurnani, ya tofar da mai, ya yi shiru. Injiniya kuwa ba a gan shi ba. Sai da hayaƙi ya lafa aka hango ƙafafunsa sun leƙo daga cikin basan, inda ya faɗa ya dunƙule, yana salati ba ƙaƙƙautawa.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Fasuma ta ɗauko akwatinta ta yi awo. "Jiya gaba biyu ne ba su da lahiya," in ji ta. "Yau gaba sittin duka sun tashi aiki, ga taransifo ya ƙone. In an yi sauri, mako ukku."

Ba wanda ya yi dariya, har Chaibu. Jibo ya rarrafo daga basan yana kakkaɓe jiki. "Ni dai aikina ya yi. Kuran ɗin garin nan ne ya cika ƙarhi, a Arlit..."

"In ka sake cewa Arlit," in ji Chaibu, "wallahi yau sai Yaya ta yi takaba."

Matasa suka fara matsowa da hauyoyi a hannu. Malam Zakari ya shiga tsakani. Bai dubi Jibo ba, manoma ya duba. Ya ce laifin nasa ne, shi ya ga ɓarna ya kasa buɗe baki. Ya ce akwai tsohuwar rijiya a bayan gonar mangwaro, a sa guga, a yi layi da garwa, abin da ya samu a raba. Sannan ya ce a fara da fangalin kowa, nasa ya zama na ƙarshe. Aka yi ta ba shi baki, ya ce ya gama magana.

Rijiya guda ba ta shayar da gonar mutum arba'in. Kullum kafin layi ya zo kan na tsoho, guga laka yake kwasowa. Jibo ya ɗauki garwa yini guda, washegari ya aiko cewa bayansa ya riƙe.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, yana zaune gindin dogon yaronsa a Zariya, ya tara masu kabu-kabu da masu wankin moto yana ba su labari. A nasa labarin, shi ya gano cewa kabul ɗin ya ruɓe gaba ɗaya, ba don shi ba da wata rana ya kashe rabin Jiratawa. Yana cikin haka sai ga Chaibu a kan moto, da babban kwando a baya an rufe da buhu. Duk shekara in amfanin gona ya fara nuna, kwandon farko gidan Tsahara tsoho ke aikowa, unguwa duk an san haka. Tsahara ta hango ƙaninta ta fito da mayafi.

"Kun gani da idonku!" in ji Jibo, ya miƙe yana tafa hannu. "Tukuici daga surukina. Sauke nan, Chaibu, a buɗe gaban jama'a, kowa ya ɗebi na miya."

Chaibu ya sauke kwandon a gabansa. Jibo ya yaye buhu da kansa. Dashen tattasai ne da tumatir cike da kwando, an tumɓuke su da saiwarsu, sun bushe ƙayau, ganyen na marmashewa a hannu.

"Baba na gaishe ka," in ji Chaibu, kuma wannan karon bai ƙara ko kalma guda a kan saƙon ba. "Ya ce amfanin bana ke nan duka, an cire maka kasonka."

Masu kabu-kabu suka dubi kwando, suka dubi Jibo, ɗaya bayan ɗaya suka tada motocinsu. Tsahara ta durƙusa ta ɗebi busasshen dashen ubanta a tafin hannu, hawaye na zuba, ba ta ko kalli mijinta ba. Ta mayar da buhu ta rufe, ta ɗora kwandon a ka, ta ce wa Chaibu ya jira ta ta ɗauko takalminta.